Baba Ya Ce Karatun Yawo Ne: Amsa Ga 'Yata Ta Bauchi

Assalamu alaikum Anti. Ni yarinya ce 'yar shekara 18 daga Bauchi. Na gama sakandare bana, kuma sakamakona ya yi kyau. Tun ranar da makarantarmu ta kai mu Yankari na ƙudurta a raina cewa harkar yawon buɗe ido zan karanta a jami'a. Da na faɗa wa Baba sai ya ce shi ba zai biya kuɗin karatun yawo ba, kuma 'yarsa ba za ta ƙare a aikin otal ba. Ya ce tunda ina ƙoƙari a lissafi, in karanta tattalin arziki. Baba ɗan kasuwa ne, shadda da atamfa yake sayarwa, ya sauke farali sau biyu. Wani malaminmu ya ce ana iya karanta yawon buɗe ido ta fuskar tattalin arziki, amma ban gane abin da yake nufi ba. Gani nake in na bi maganar Baba na binne burina ke nan. Kwana biyu ko abincin kirki ba na iya ci. Don Allah ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam 'yata. Ki tashi ki ci abinci tukuna, don maganar ba ta kai inda kike zato ba. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma abin da na gani shi ne ke da Babanki ƙofa ɗaya kuke nunawa, kowa da sunan da yake kiranta. Shawarata ita ce ki karɓi tattalin arzikin nan da ya zaɓa miki, ki karɓe shi hannu bibbiyu, ki shiga jami'a da Yankari a zuciyarki. Zan yi miki bayanin dalili dalla-dalla, domin ba na so ki yi biyayya a fili kina kuka a ɗaki.

Ki tuna ranar da kuka je Yankari. Ke dabbobi kika gani, da daji, da ruwan Wikki mai ɗumi wanda ake hango ƙasansa tsabar haske. Malaminku kuwa wata tambaya yake so ki yi: kuɗin da aka kashe a tafiyar nan, ina suka tafi? Bari mu yi misali, misali ne kawai. A ce wani baƙo ya taso daga Legas da iyalinsa, ya kashe naira 500,000 a kwana uku. Kaso mai tsoka ya tafi a tikitin jirgi, wanda ko ƙasar Bauchi bai taɓa ba. Wani kason ya tafi a man janareto. Ruwan gora da lemon kwalba daga wata jihar aka kawo su, ƙila har shinkafar da ya ci. To nawa ya rage a hannun mutanen Mainamaji da ke bakin ƙofar gandun? Nawa ya shiga aljihun mai kaji a Alkaleri, ko matar da ke saƙa tabarma, ko direban da ya ɗauko su daga filin jirgi? Masana suna kiran wannan yoyo, kamar tulun da ya tsage: kana zubawa ta sama yana tsiyaya ta ƙasa. Wuri zai iya cika da baƙi maƙil, ƙauyen da ke gefensa yana nan da talaucinsa, saboda babu wanda ya zauna ya auna tsagar.

Nairar da ta tsaya kuma ba zama take yi ba. Direban ya sayi tsire, mai tsire ya biya mahauci, mahauci ya sayi sa a wurin makiyayi, makiyayi ya shigo kasuwa ya yanki shadda, wataƙila ma a shagon Babanki. Sau nawa naira ɗaya take juyawa kafin ta bar garin? Wannan ma ana lissafa shi, kuma da shi gwamnati mai hankali take yanke shawarar ko ta gyara hanyar zuwa gandun daji ko ta kai kuɗin wani wuri. Akwai kuma maganar lokaci. A Yankari da rani aka fi ganin dabbobi, lokacin da ciyawa ta bushe suka taru a bakin kogin Gaji. Da damina fa, wa zai biya albashin ma'aikata? Nawa ya kamata a sa kuɗin shiga don kada a kori ɗalibai irinku, kuma kada a yi asarar abin da mai hali zai iya biya? Ruwanda ta sa dala 1,500 a kan baƙon waje da ke son ganin gwaggon birin tsaunukanta tun 2017, ta zaɓi baƙi kaɗan masu biya da yawa, tana kuma ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayenta ga ƙauyukan da ke kewaye. Wasu ne suka zauna da alƙaluma suka fitar da wannan tsarin. Aikin da malaminku yake nuna miki ke nan.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe, don shi ne ya sa fannin yake buƙatar masu ilimin tattalin arziki ƙwarai. In an ce noma, kowa ya san abin da ake ƙirgawa: buhunan masara ne da gero. In an ce siminti, buhu ne. Yawon buɗe ido ba shi da buhu. Mai shayi ɗaya ne, shayinsa ɗaya ne, amma kofin da ya sayar wa maƙwabcinsa ba ya cikin lissafin, wanda ya sayar wa baƙon da ya zo kallon Hawan Daushe yana ciki. Wato mai saye ake dubawa, ba kayan ba. Shi ya sa a littafin lissafin arzikin ƙasa ba za ki ga layi guda da aka rubuta masa suna ba, a warwatse yake cikin sufuri da abinci da masauki da ciniki. Sai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wani tsarin lissafi na musamman a shekarar 2000, aka sabunta shi a 2008, don a riƙa tsamo kason baƙi daga kowane ɓangare a haɗa. Ƙasashe da yawa har yanzu fama suke da wannan lissafin saboda ƙarancin masu iya shi. Mu nan sau nawa kika ji an ce biki kaza ya jawo dubban mutane, ba tare da an ce ga wanda ya ƙirga ba, ga kuma abin da suka kashe? Wannan giɓin yana damuna, kuma irinku nake fata su cike shi.

Kalmar ma tana cutar da mu. Da an ce yawo, kunnen Bahaushe zaman banza yake ji, shi ya sa ban ga laifin Babanki ba. Amma a ma'aunin da duniya take amfani da shi, duk wanda ya bar inda ya saba zama ya je wani wuri na ƙasa da shekara guda, ba don a ɗauke shi aiki a can ba, baƙo ne da ake ƙirgawa. Ɗan kasuwar da ya je sarin kaya Dubai yana ciki. Mara lafiyar da aka kai asibiti Masar ko Indiya yana ciki. Masu zuwa Maulidi Kaulaha a Senegal suna ciki, haka 'yan biki da suka cika mota daga Bauchi zuwa Kano. Alhaji ma yana ciki, duk da cewa niyyarsa ibada ce tsantsa, domin dole ya hau jirgi, ya kama masauki, ya ci abinci, ya sayo tsaraba.

Nan ne nake ganin za ki samu bakin zaren magana da Babanki. Mutumin da ya je Hajji sau biyu ya san wannan fannin a jikinsa fiye da yadda ke kika san shi a yanzu. A 2023 kujerar Hajji ta hannun hukumar alhazai ba ta kai naira miliyan 3 ba. A 2025 ta haura miliyan 8. Me ya faru? Makka ba ta ƙara nisa ba. Riyal ɗin Saudiyya a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a kan dala ɗaya, shekaru da dama. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati take bayarwa a wajen naira 460 ta wuce 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Masauki a Makka da Madina, tantin Mina, jirgi, kuɗin guzuri, duk da kuɗin waje ake biya. Najeriya tana da kujeru 95,000 a waɗannan shekarun, amma a 2024 da 2025 tsada ta sa ba a iya cike su ba. Wanda zai iya zama ya hango irin wannan tun kafin ta faru, ya ce ga yadda za a tsara adashin gata na maniyyata, ga lokacin da ya dace a kama masauki, ga yadda kamfanin jirgin yawo zai sa farashin Umara ba tare da ya karye ba, shi ne wanda ya karanta abin da kike tambaya a kai. Saudiyya kanta ta gane haka. A shirinta na 2030 da ta ƙaddamar a 2016 ta sa harkar baƙi cikin abubuwan da za su rage mata dogaro da man fetur, ta fara ba da bizar yawon buɗe ido a 2019.

Kuma sana'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sarin goro, a zango suke sauka. Akwai fatoma, mai masaukin da zai ba baƙo wurin kwana, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa, ya ci la'adarsa. Unguwannin da ake kira zango a Gana har yau daga nan suka samo suna. Saukar baƙo da cin halaliya a cikinta tsohuwar sana'ar Bahaushe ce mai mutunci, tun kafin a gina otal na farko a ƙasar nan.

Sai dai kada ki ɗauka na ce Babanki bai hango komai ba. Ya hango, kuma abin da ya hango gaskiya ne. Wannan harka ce mai saurin karyewa, domin ba dole ba ce a rayuwar mutum kamar abinci, da an ji ƙishin-ƙishin na tsoro sai kowa ya fasa tafiya. Dubi Agadez. Akwai lokacin da Turawa suke tururuwa can don ganin duwatsun Ayar da saharar Tenere, tseren motocin Paris zuwa Dakar yana ratsawa ta yankin, maƙeran azurfa da direbobi da masu yi wa baƙi jagora suna samu. Tawayen da ya ɓarke a 2007 da sace-sacen baƙi da suka biyo baya suka tsayar da komai. A 2013 UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, amma a lokacin baƙin sun riga sun ɗauke ƙafa, direbobi da yawa sun koma jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya faro tun 1934, sai da ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin ya dawo a 2020. A Gambiya, rushewar kamfanin shirya tafiye-tafiye na Thomas Cook na Ingila a watan Satumban 2019 ta girgiza ƙasar gaba ɗaya ana dab da shiga kakar baƙi, don shi yake kawo babban kaso na masu zuwa. Sai ga korona: masu ƙetare iyakoki a duniya sun kusa biliyan 1.5 a 2019, a 2020 suka ragu da sama da kashi 70 cikin 100, har Hajjin shekarar ba a bar kowa ya zo daga waje ba.

To ki yi tunani, a irin wannan shekarar, wa ya fi samun mafita: wadda takardarta ta ce yawon buɗe ido kawai, ko wadda takardarta ta ce tattalin arziki? Ta biyun za ta iya neman aiki a banki, ko hukumar ƙididdiga, ko ma'aikatar kasafi da tsare-tsare, ko hukumar tara haraji, ko ƙungiyoyin raya ƙasa, ko ta koyar. In harkar baƙi ta farfaɗo ta dawo mata da ƙarfinta. Ba ina rena kwas ɗin yawon buɗe ido ba ne. Ana koyar da shi a wasu jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, akwai ma cibiyar gwamnatin tarayya ta NIHOTOUR da aka kafa don horar da ma'aikatan fannin, kuma wanda burinsa gudanar da masauki ko shirya tafiye-tafiye ne, can ya dace da shi. Amma guraben aikin da ke neman wannan takardar kai tsaye a Arewa ba su da yawa a yanzu, kuma zan cuce ki in na ɓoye miki. Digiri na farko gara ya zama mai faɗi. Ƙwarewa a lungu guda sai a digiri na biyu, kuma akwai jami'o'in da suka ware shi musamman, kamar reshen Jami'ar Bologna da ke Rimini a Italiya, inda ake digiri na biyu a tattalin arzikin yawon buɗe ido. In Allah ya kai ki nan, da digirin tattalin arziki mai kyau za ki nemi gurbi da tallafin karatu.

Yanzu tambayar da ke za ki amsa wa kanki, ba ni ba, ba Baba ba. Me kika so a Yankari? In tafiyar ce da iskar daji da ɗaukar hoto, to ki sani wannan sha'awa ce mai kyau, amma ba sai kin yi digiri a kanta ba, kuma karatun da muke magana ba zai ba ki ita ba. Zama ne a gaban kwamfuta da jadawalin alƙaluma. Akwai lissafi mai nauyi, akwai ƙididdiga, akwai darasin da ake haɗa su biyun a auna yadda abu kaza yake shafar abu kaza, wanda ɗalibai da yawa suke kuka da shi a aji uku. In kuwa kin dawo daga tafiyar kina tambayar kanki me ya sa wuri mai kyau haka bai fi haka cika ba, me ya sa ƙauyukan hanya ba su amfana ba, to kin riga kin fara karatun ba ki sani ba. Yadda kika rubuto wasiƙar ya sa nake kyautata zaton ta biyun ce.

In kin shiga, kada ki jira wani malami ya kawo miki yawon buɗe ido cikin aji, don da wuya ya zo da sunansa. Ke za ki riƙa kai shi. In an koyar da yadda farashi yake shafar buƙata, ki gwada shi a kan kuɗin ɗakin otal ranar Sallah da mako biyu bayanta. In an zo canjin kuɗi, ga kujerar Hajji. In an zo haraji, ki tuna cewa a 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa rajista da sa ido kan otal-otal hurumin jihohi ne, wato jiharki ma tana buƙatar wanda ya san lissafin. Ki dage da darasin ƙididdiga fiye da kowane, ki koyi sarrafa alƙaluma a kwamfuta tun daga aji ɗaya. Ki ƙara da harshe guda, Larabci saboda harkar Hajji da Umara, ko Faransanci saboda Nijar da Kamaru da Chadi da ke kewaye da mu. Binciken kammala digiri kuwa, ki yi shi a kan abin da ke ƙofar gidanku: Yankari, ko masu ziyartar kabarin Tafawa Balewa, ko cinikin da hawan Sallah yake kawo wa masu ɗinki da masu kayan doki. Hawan Sallah na Kano ya shiga kundin UNESCO a Disambar 2024, kuma tambayar nawa yake kawo wa talakan gari tana nan tana jiran mai amsa ta da hujja.

Maganar otal kuma, kada ki yi musu da Baba a kanta. Tsoronsa na mutuncinki ne, kuma kin san irin kallon da jama'armu suke yi wa wurin, ko da akwai dubban mutanen kirki maza da mata da suke neman halalinsu a ciki. Ba ranar gyara wannan fahimtar ba ce. Abin da za ki nuna masa shi ne hanyar da kika ɗauka ofis take kaiwa, ko aji, ko kamfanin kanki na kai mutane Umara wata rana.

Ga yadda nake so ki yi. Ki samu Mama ki fara gaya mata kin amince da zaɓin Baba, don ta san hankalinki ya kwanta. Sannan ki nemi lokacin da ya huta, bayan ya ci abincin dare, ki durƙusa ki ce, Baba na karɓi shawararka, Allah ya ƙara girma. Kada ki kawo sharaɗi a ranar. Bayan kwana biyu ki tambaye shi nawa ya biya kujera a zuwansa na farko, nawa a na biyu, me ya ga ya canza a Makka tsakanin tafiya biyun. Ki bar shi ya yi ta ba ki labari, ke kuma kina rubutawa. In ya tambaye ki me za ki yi da shi, sai ki ce irin abin da kike son ki bincika a jami'a ke nan. Kalmar yawo kada ta fito daga bakinki. Ki ce harkar baƙi da matafiya, don sunanta na gaskiya ke nan, kuma ɗan kasuwa ya san darajar baƙo a shago.

Kafin nan ki duba takardunki. Tattalin arziki yana buƙatar kiredit a Turanci da lissafi da shi kansa darasin tattalin arzikin, kuma a jarabawar JAMB ma sai da su. In kwas ɗin da kika cike da farko daban ne, ki je cibiyar da aka amince da ita ki canza tun ba a rufe ba. Ki kuma sayi ƙaramin littafi na rubutu. Sallar da ke tafe ki zauna a shagon Baba in ya yarda, ki riƙa rubuta masu saye nawa ne 'yan gari, nawa ne baƙi, daga ina suka zo, me ya kawo su Bauchi. In kin gama zangon farko a jami'a ki rubuto mini abin da kika samu, ina son in gani. Allah ya yi miki albarka, ya sa Baba ya yi alfahari da ke.